Nicolas Steno: Likitan da ya karanta tarihin ƙasa a bakin kifin shak

A watan Oktoban 1666 masunta suka kama wani ƙaton kifin shak a tekun da ke kusa da garin Livorno na ƙasar Italiya. Da labari ya kai kunnen Ferdinando na Biyu, mai mulkin yankin Tuscany, sai ya sa aka yanke kan kifin aka kai birnin Florence, aka damƙa wa wani likita ɗan ƙasar Denmark mai shekara 28, Nicolas Steno.

An haifi Steno a Copenhagen a watan Janairun 1638, ɗan maƙerin zinariya ne. Ya yi karatun likita, kuma tun a 1660, yana Amsterdam, ya gano hanyar da yawu ke bi zuwa baki lokacin da yake feɗe kan tunkiya. Har yau sunansa ake kiran wannan hanya da shi. Saboda haka ba a ba shi kan kifin don komai ba sai don an san hannunsa a wajen fiɗa.

Abin da ya tsayar da shi shi ne muƙamuƙin. Haƙoran a jere suke sahu-sahu, na gaba a tsaye, na baya a kwance suna jiran gurbi. Kowanne mai kusurwa uku ne, gefensa da tsaga-tsaga kamar zarto. Steno ya san wannan siffa. Ita ce ta wasu duwatsu da ake haƙowa a kan tudu, musamman a tsibirin Malta, waɗanda Turawa ke kira duwatsun harshe. Wasu na cewa daga sama suke faɗowa, wasu na cewa harsunan macizai ne da suka zama dutse, kuma masu hali na sayensu a matsayin makarin guba.

A rubutun da ya fitar a 1667, ya nuna cewa duwatsun nan haƙoran shak ne na zamanin da ya shuɗe. Ba shi ya fara faɗa ba, don Fabio Colonna ya riga shi tun 1616. Inda Steno ya yi zarra shi ne bai tsaya a kamanni ba. Tambayar da ta hana shi sakat ita ce: yaya haƙorin kifin teku ya shiga cikin dutse mai tauri, nesa da ruwa? Amsar da ya bayar a littafinsa na 1669 ita ce dutsen a da laka ce a ƙarƙashin ruwa, haƙorin ya faɗa ciki, laka ta hau kan laka, daga baya ta daskare. Ke nan shimfiɗar da ke ƙasa ta girmi wadda ke samanta. Magana ce mai kama da ta yara, amma a kanta ilimin tarihin duwatsu ya tsayu.

Hanyarsa tana aiki har gobe. Jikin shak guringuntsi ne, ba ya daɗewa a ƙasa, haƙora ne ke saura, don haka da faɗinsu da lanƙwasarsu da tsagar gefensu masana ke bambance wani jinsi da wani. Da haka aka gane cewa mafi girman duwatsun harshen na wani jinsi ne da ya ƙare, wanda Louis Agassiz ya raɗa wa suna megalodon a ƙarni na 19. Da haka kuma aka karanta kwarin Iullemmeden, wanda ya haɗa Filinge da Tawa da Sakkwato: teku ya taɓa ratsa wani ɓangarensa fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce, kuma a 1934 masani Errol White ya yi bayanin burbushin kifayen da aka samo a lardin Sakkwato.

Shi kuwa Steno bai daɗe a fagen ba. Ya bar ɗarikar Luther ya koma Katolika a 1667, ya zama limamin coci a 1675, bishop a 1677, aka tura shi arewacin Jamus, inda ya zaɓi zaman talauci da yawan azumi. Ya rasu a garin Schwerin a ƙarshen 1686 yana da shekara 48. An mayar da gawarsa Florence, aka binne a cocin San Lorenzo.