Maurice Ewing: Ɗan Manomin Da Ya Saurari Ƙarƙashin Teku

An haifi Maurice Ewing a shekarar 1906 a garin Lockney cikin Jihar Texas ta Amurka, inda babu teku ko kusa. Iyayensa manoma ne masu ƙaramin ƙarfi. Da guminsa ya yi karatu a makarantar Rice ta Houston, yana aikin dare yana riƙe kansa, har ya sami digirin dakta a 1931.

A zamanin nan masu neman man fetur kan fasa nakiya a tudu, su auna amsa-kuwwar da ke dawowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. To, a 1935 sai Ewing ya kai wannan dabara cikin teku. A 1949 kuma ya kafa cibiyar bincike ta Lamont a ƙarƙashin Jami'ar Columbia. Aikin kuwa na sai da rai ne, don a 1954 igiyar ruwa ta share shi daga jirginsu mai suna Vema, da ƙyar aka tsamo shi.

Wajen 1970 masanan cibiyarsa, har da ƙanensa John, suka ga wata baƙuwar amsa-kuwwa daga ƙarƙashin Tekun Atlantika, gabas da Amurka. A 1971 suka danganta ta da iskar gas ta mitan wadda sanyi da nauyin ruwa suka daskarar cikin laka. Watau ƙanƙara ce, amma in an ƙyasta mata ashana sai ta kama da wuta.

Ewing ya rasu a 1974. Bayansa an ga wannan alama a tekunan ƙuryar duniya masu tsananin sanyi, arewa da Alaska, da kusa da tsibiran Svalbard, da gefen Antatika. An kuma gan ta a zurfin teku daura da Neja Delta.

Abin dubawa shi ne, mudu guda na ƙanƙarar nan kan ba da wajen mudu 160 na gas. Dukiya ce, amma idan teku ya ɗumama ta narke, iskar na iya ƙara wa duniya zafi. Saboda haka batun ya shafi Nijeriya, daga hedkwatar hukumar binciken ma'adinai da ke Utako a Abuja, har zuwa 'yan'uwanmu masu neman abinci a Fatakwal da Warri. Ɗan manomin nan ne ya share hanyar gano ta.