Sarkin Katsina Usman Nagogo (1905–1981) da Wasan Ƙwallon Dawaki

An haifi Usman Nagogo a shekarar 1905, shekara biyu bayan Turawan Ingila sun ci Katsina. Mahaifinsa, Muhammadu Dikko, ya hau gadon sarauta a 1906, a zamanin da aka rufe fagen yaƙi. Barade na nan da dawakansu, amma babu sauran daga da za su fita, sai hawan salla da rakiyar sarki. A cikin wannan yanayi ne Sarki Dikko, wanda ya ziyarci Ingila a 1921, ya kafa wasan ƙwallon dawaki, wato folo, a Katsina, ya sa ’ya’yansa da bayin sarki a fili.

Nagogo ne ya yi zarra a cikinsu. Ya yi karatu a makarantar lardi ta Katsina, ya zama shugaban ’yan dokan En’e a 1929, sannan Magajin Gari a 1937, kuma duk wannan aiki bai raba shi da sirdi ba. A ma’aunin ƙwarewar ’yan wasan, wanda ƙololuwarsa 10 ce, ya kai mataki na 7, matsayin da ’yan wasa ƙalilan ke kaiwa a duniya. Hafsoshin Turawa, waɗanda suka ɗauki wasan a matsayin nasu, sai da suka san da zamansa.

A 1944 ya gaji mahaifinsa, ya mulki masarautar da ta miƙa tun daga kan iyakar Nijar har zuwa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a kudu. Ya shugabanci ƙungiyar folo ta Nijeriya, ’ya’yansa kuma suka bi sawunsa, ciki har da Janar Hassan Usman Katsina da Muhammadu Kabir Usman, wanda ya gaje shi bayan rasuwarsa a watan Maris na 1981.

Sau da yawa masu nazari kan ɗauki wannan fanni na rayuwarsa a matsayin shaƙatawar sarakuna kawai. Alhali kuwa ta hanyar folo ne gidan Dikko ya sama wa tsohuwar fasahar hawan doki sabon fage, inda Bakatsine zai kara da Bature bisa ƙa’ida guda, kuma ya iya kayar da shi a bainar jama’a.