Wiliyam Harshal, makaɗi mai duban taurari

An haifi Wiliyam Harshal a birnin Hanoba, ƙasar Jamus, a shekara ta 1738. Ubansa mabushi ne cikin soja. Shi ma ya koyi busa da kiɗa tun yana yaro. A 1757 ya ƙaura zuwa Ingila, yana cin abinci da kiɗa.

Yana da shekara 35 sha'awar taurari ta kama shi. Madubin hangen nesa yana da tsada, shi kuwa ba shi da kuɗi. Sai ya mai da gidansa maƙera. Ya narka jan ƙarfe da kuza, ya yi ta gugar madubi da hannunsa. Wata rana ya yi awa 16 yana guga bai ɗaga hannu ba, ƙanwarsa Karolin tana ba shi abinci a baki. Da dare shi ke duba sama, ita ke rubutawa.

Ranar 13 ga watan Maris 1781 ya gano duniyar Yuranus. Sarkin Ingila Joji na Uku ya yanka masa albashi, ya bar kiɗa. Ya gina madubi mai tsawon metir 12. A 1789 ya gano watanni biyu masu kewaya duniyar Zuhalu: Ansaladus da Mimas. Ya rasu a 1822.

Harshal ya ga Mimas kamar ɗigon haske kawai. A 1980 kumbon Voyager 1 ya ɗauko hotonsa. Ashe wata ne na ƙanƙara, faɗinsa kusan kilometir 400, jikinsa duk ramu. Duwatsun sararin samaniya ne suka faɗa masa da gudu, kamar yadda hoge ke barin gurbi cikin taɓon tabki. Can babu iska, babu ruwan sama, saboda haka ramun ba su cikewa.

Babban ramin ya kai sulusin faɗin Mimas, wajen kilometir 139, kusan tafiyar Zinder zuwa Tanut. A tsakiyarsa akwai dutse mai tsawon kilometir 6, ya ninka Bagzan na Ayar sau uku. Masana suna ganin da dutsen da ya faɗo ya fi haka girma, da ya farfasa watan. An sa wa ramin suna Harshal.

Tambayoyi
1. Mece ce sana'ar Harshal ta fari?
2. Wane aiki Karolin ta yi?
3. Don mi ramun Mimas ba su cikewa?