Muhammadu Buras, uban ƴan sikawut na Aljeriya

In mutum ya tashi daga Agadas ya yi arewa, zai bi ta Arlit da Asamaka. Daga nan sai ya ƙetare iyaka, ya shiga ƙasar Aljeriya. Babban birni na farko da zai tarar shi ne Tamanrasat, a gindin duwatsun Ahaggar. Akwai Buzaye da Larabawa da Hausawa a can. Akwai kuma ƙungiyoyin yara masu ɗaura ƙyalle a wuya, waɗanda ake kira ƴan sikawut. Suna kwana a zango, suna koyon taimakon jama'a, suna gasar gudu da tsalle da ƙwallo tsakaninsu. Wanda ya kafa babbar ƙungiyarsu shi ne Muhammadu Buras.

An haifi Buras ran 26 ga watan Fabrairu 1908 a Miliyana, wani gari na kan tudu a arewacin Aljeriya, nesa ƙwarai da Tamanrasat. A lokacin ƙasar tana hannun Faransawa. Ya yi karatun allo, ya kuma shiga makarantar boko, amma bai yi nisa ba. Ya koyi buga takardu da keken rubutu, ya zama akawu. Yana da shekara 18 ya koma Alje, babban birnin ƙasar, neman abinci.

Buras mai son wasanni ne tun yana yaro. A Alje ya buga ƙwallon ƙafa a ƙungiyar Muludiya, wadda ƴan ƙasa suka kafa wa kansu a 1921. A filin ƙwallo ya ga yadda samari goma sha ɗaya suke zama kamar mutum guda in suna da shugaba da ƙa'ida. In ya tashi daga aiki kuma, yakan je sauraren karatun malamai. Waɗannan malamai suna kiran mutane su riƙe addininsu da harshensu, su sa yaransu makaranta. Babbansu shi ne Shehu Abdulhamid Ben Badis.

Aikin sikawut ba a Aljeriya ya soma ba. Wani sojan Ingila mai suna Baden-Powell ne ya fara shi a 1907, da ya kai yara kamar 20 zango a wani tsibiri. Kafin a jima abin ya bazu a duniya. Faransawa ma suka kawo shi Aljeriya, amma yawancin yaran da ke ciki ƴaƴan Turawa ne.

A 1930 Faransawa suka yi gagarumin biki na cikar shekara 100 da cin ƙasar. Ƴan sikawut ɗinsu suka yi jerin gwano a titunan Alje, da tufafi iri ɗaya, da tutoci. Yaran ƴan ƙasa kuwa suna gefe suna kallo, da yawansu ba makaranta, ba takalmi. Wannan abu ya tsaya wa Buras a rai. Me zai hana su ma su sami tasu ƙungiya?

Bai yi gaggawa ba. Sai da ya nazarci yadda ake tafiyar da sikawut, ya nemi abokan shawara. A 1935 ya kafa ƙungiyar Al-Falah a Kasba, tsohuwar unguwar birnin Alje. Ma'anar sunan ita ce babban rabo. Yaran suna koyon ɗaurin igiya, da kafa tanti, da agajin wanda ya ji rauni. Suna motsa jiki, suna tafiya mai nisa da ƙafa. Suna kuma koyon Larabci da tarihin ƙasarsu, abin da makarantar Turawa ba ta damu da shi ba.

A wasu garuruwa ma irin waɗannan ƙungiyoyi sun yi ta ɓullowa, amma kowace tana harkarta ita kaɗai. Yaron Miliyana bai san na Kusantina ba. Buras ya so a haɗa su, su riƙa ziyartar juna, su yi zango tare, su gwada ƙarfi da sauri a fili ɗaya. Wanda aka tsere wa yau ya koma gida ya ƙara himma, wanda ya yi nasara ya miƙa masa hannu. Hukumar mulkin mallaka ta yi ta jan ƙafa wajen ba da izini. Duk da haka, a watan Yuli 1939 aka yi babban taro a El Harash, kusa da Alje. Ƙungiyoyin suka dunƙule suka zama ɗaya, mai suna Sikawut Musulmi na Aljeriya, Buras ne shugabanta.

Bayan ƴan makonni yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. A 1940 Jamus ta ci Faransa. Buras ya ga kamar lokacin ƙwatar ƴanci ya zo. Ya san hanyar da ya ɗauka tana da haɗari, don haka ya sauka daga shugabanci, kada abin ya shafi yaran. A watan Mayu 1941 aka kama shi. Kotun soja ta tuhume shi da hulɗa da Jamusawa, ta yanke masa hukuncin kisa. Aka harbe shi ran 27 ga Mayu 1941 a Husaini Dai, a gefen Alje. Shekararsa 33. Baden-Powell ma a farkon wannan shekara ya rasu a Kenya, amma shi da tsufansa, a kan gadonsa.

Ƙungiyar ba ta mutu da shi ba. Ran 8 ga Mayu 1945, a garin Setif, ƴan sikawut ne a gaban jama'ar da ta fito neman ƴanci. Wani saurayi cikinsu, Buzid Sa'al, yana riƙe da tutar Aljeriya. Ya ƙi sauke ta, aka harbe shi. Da yaƙin neman ƴanci ya tashi a 1954, da yawa daga jagororinsa tsofaffin ƴan sikawut ne, kamar Larbi Ben Mihidi. Aljeriya ta sami ƴancin kai a 1962. Daga baya aka mai da 27 ga Mayu ranar ƴan sikawut a duk faɗin ƙasar, tun daga bakin teku har Tamanrasat.