Angus Buchanan (1886-1954): Baturen da ya bi sawun malam-buɗe-littafi daga Kano har Abzin

Duk wanda ya taɓa kwana a Bawdeta ko a wani ƙauye na ƙasar Tasawa da Mayahi cikin tsakiyar damana ya san abin da ke faruwa idan aka kunna fitila a tsakar gida. Kafin a jima ƙwari masu fukafukai sun kewaye ta, manya da ƙanana, farare da jajaye da masu launin ƙasa. Bahaushe ya haɗa su duka ya kira su faɗa-wuta. Na rana kuwa, masu sauka bisa furanni suna buɗe fukafukai suna rufewa, ya ba su sunan malam-buɗe-littafi. Amma ga masana, waɗannan sunaye biyu sun ƙunshi iri dubbai, kowane da sunansa da abincinsa da lokacin fitowarsa. Ɗaya daga cikin mutanen farko da suka tattara irin na wannan ƙasa domin a tantance su shi ne Angus Buchanan.

Ƙuruciyarsa da yaƙi

An haifi Buchanan a shekara ta 1886 a tsibiran Orkney, can arewacin ƙasar Sikotilan. Ya koyi aikin zanen gine-gine, amma zuciyarsa tana wajen daji da tsuntsaye. Ya ƙaura zuwa Kanada, kuma a shekara ta 1914 ya yi doguwar tafiya cikin kwalekwale a arewacin ƙasar yana tattara tsuntsaye. Yana can cikin daji yaƙin duniya na farko ya tashi. Da labari ya iske shi sai ya koma ya shiga soja. An kai shi Afirka ta Gabas a shekara ta 1915, inda Ingilishi ke yaƙi da Jamus. Ya kai muƙamin kyaftin, ya samu lambar yabo, sa'an nan rashin lafiya ya sa aka mayar da shi gida. Ko a fagen fama bai bar tattara tsuntsaye ba.

Mai gidan tarihi na Tring

A wannan zamani akwai wani attajiri a Ingila, Walter Rothschild, ɗan gidan masu banki, wanda ya zuba dukiyarsa cikin nazarin dabbobi. Ya gina gidan tarihi a garin Tring, aka buɗe shi ga jama'a a shekara ta 1892. Kafin rasuwarsa a shekara ta 1937 ya tara malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta fiye da miliyan 2. Shi da abokin aikinsa Karl Jordan sun shahara wajen nazarin dangin da masana ke kira Papilionidae, watau manyan malam-buɗe-littafi waɗanda da yawansu ke da ƴar wutsiya a fukafukan baya kamar ta tsattsewa.

Tambayar da ta dami masanan Tring ita ce: ina iyakar dabbobin Afirka ta Arewa, masu kama da na Turai, kuma daga ina na ƙasar baƙar fata suka fara? Sun riga sun bincika Aljeriya, sun kuma san wani abu game da Nijeriya. Tsakanin biyun akwai Damagaram da Damargu da duwatsun Abzin, inda ba su da samfuri ko kaɗan. Domin cike wannan giɓi Rothschild ya aiko Buchanan.

Tafiya ta farko: 1919-1920

Buchanan ya sauka Ikko a ƙarshen shekara ta 1919, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Ya yi zango a Fanisau, kusa da birni, ya fara aiki a can cikin hunturu. Ya ɗauki samari Hausawa biyu ya koya musu fiɗar tsuntsu da gyaran fata. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya rubuta sunansa Sakari, ya ƙware ƙwarai, har ya zama hannun damansa.

A farkon shekara ta 1920 ayarin raƙumansa ya kama hanyar arewa. Ya iso Damagaram, wadda a lokacin ita ce hedikwatar mulkin sojan Faransa a wannan ƙasa, ya wuce Damargu ya yi zango a Takukut, sa'an nan ya kai Agadas. Daga nan ya hau duwatsun Bagzan, ya ga Timiya, ya kai Iferwan. Shekara uku ke nan da murƙushe tawayen Kawsan, saboda haka ya tarar da garuruwan arewacin Abzin da dama sun zama kufai. Ya komo Kano a ƙarshen damana, bayan tafiyar da ta wuce kilomita 2,000 bisa raƙumi.

Yadda ake aikin

Aikin mai tattara waɗannan ƙwari aikin haƙuri ne. Da rana yakan bi su da koma mai laushi a bakin tabki da cikin garake da gindin itatuwa masu fure. Da dare yakan kunna fitila kusa da farin ƙyalle ya jira faɗa-wuta. Fukafukinsu yana lulluɓe da wani gari mai kama da ƙura, wanda a gaskiya ƙananan ɓawo ne jere kamar na kifi, kuma su ne ke ba shi launi. Idan yatsa ya goge su, samfurin ya lalace. Don haka kowane ɗaya ana naɗe shi cikin ƴar takarda mai kusurwa uku, a rubuta sunan wurin da ranar da aka kama shi, a shanya, a tsare shi daga tururuwa da gara da laima.

Wannan ɗan rubutu shi ne ran aikin. Ƙwaron da ba a san inda aka kama shi ba, ko da ya fi kowane kyau, ado ne kawai. Wanda ke ɗauke da sunan gari da kwanan wata kuwa shaida ne: yana faɗin cewa iri kaza yana rayuwa a wuri kaza cikin wata kaza.

A Tring ake yin sauran aikin. Ana jiƙa samfurin ya yi laushi, a shimfiɗa fukafukansa bisa katako, a kwatanta zanensa da jijiyoyin fukafukin da sauran gaɓoɓinsa da na waɗanda aka riga aka sani. Idan bai yi daidai da ko ɗaya ba, sai a rubuta bayaninsa, a raɗa masa suna na Latin mai kalma biyu, a ajiye shi ya zama ma'aunin da za a riƙa gwada na baya da shi.

A shekara ta 1921 mujallar gidan tarihin, Novitates Zoologicae, ta buga sakamakon tafiyar. Ernst Hartert ya yi bayanin tsuntsaye, Oldfield Thomas da Martin Hinton suka yi na dabbobi masu shayarwa, Rothschild da kansa ya yi na malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta. An samu sababbin iri da yawa, wasu an sa musu sunan buchanani don girmama shi, wasu kuma airensis, watau na Abzin. Amsar tambayar ita ma ta fito: yawancin tsuntsayen Abzin dangin na kudu ne, ko da yake akwai na hamada da na arewa a cikinsu. A wannan shekara Buchanan ya buga littafin tafiyarsa, Out of the World North of Nigeria.

Tafiya ta biyu: 1922-1923

A shekara ta 1922 ya dawo da niyyar ƙetare Sahara baki ɗaya. Wannan karo yana tare da mai ɗaukar siliman, T. A. Glover, da kuma Francis Rodd, wanda ya raka su har Abzin, daga baya ya rubuta littafi a kan Abzinawa. Ayarin ya tashi daga Kano ya bi ta Katsina da ƙasar Tasawa zuwa Damargu. Daga Abzin Buchanan ya bi ayarin gishiri ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya komo, sa'an nan ya nufi arewa ta duwatsun Ahaggar. A watan Yuni na shekara ta 1923 ya isa Tugurt cikin Aljeriya, bayan kilomita wajen 5,600.

Cikin raƙuman da suka taso tun farko, ɗaya tak ya kai ƙarshe, shi ne raƙumin hawansa mai sunan Hausa, Farin Gashi, kuma ya mutu jim kaɗan bayan isowarsu. Cikin ƴan ƙasa, mutum biyu suka jure har ƙarshe, ɗayansu Sakari ne. An nuna siliman tafiyar a Ingila a shekara ta 1924, littafinsa Sahara ya fito a 1926. Buchanan ya rasu a shekara ta 1954.

Abin yabo da abin gyara

Buchanan mutumin zamanin mulkin mallaka ne, kuma littattafansa ba su kuɓuta daga rainin da Turawan lokacin ke yi wa baƙar fata ba. Ya yi tafiyarsa ƙarƙashin kariyar sojan Faransa. Jagororin da suka san rijiyoyi, da masu raƙuma, da samarin da suka fiɗe ɗaruruwan tsuntsaye, ba su ne aka raɗa wa halittun sunansu ba. Abin da aka tattara kuma bai zauna nan ba: yawancin fatun tsuntsayen Tring an sayar da su ga wani gidan tarihi na birnin New York a Amurka a farkon shekarun 1930, ƙwarin kuwa suna hannun gidan tarihin halittu na Ingila. Ɗalibin Nijar da ke son ganin samfurin faɗa-wutar Damargu na shekara ta 1920, sai ya ƙetare teku.

Duk da haka ba za a hana shi haƙƙinsa ba. Ya jure ƙishirwa da zazzaɓi, bai yi kasala wajen rubutu ba, kuma saboda wannan rubutu masana na yau suna iya kwatanta abin da ke rayuwa a ƙasar nan shekara ɗari da suka wuce da abin da ya rage bayan farin 1973 da na 1984.

Ina amfanin wannan ga manomi?

Mai garka da ya dasa lemu ya san wata tsutsa da ke cinye masa ganye. Tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, ta haka take ɓuya. Idan ta girma sai ta koma kore, in an taɓa ta ta fito da wani abu mai reshe biyu daga bayan kanta, mai wari. Ita ce ke zama babban malam-buɗe-littafin nan baƙi mai ɗigon rawaya, Papilio demodocus, ɗan dangin masu wutsiya, ko da yake shi ba shi da ita. Wanda ya gane cewa uwa da tsutsa abu ɗaya ne, da ya ga uwar tana shawagi zai duba ganyen dashensa ya tsince ƙwai da tsutsotsi da hannu.

Misali mafi girma shi ne murzuna. Bayan farin shekarun 1970 ta addabi gonakin hatsi na Sahel, har da na jihar Maraɗi. Uwarta ƴar faɗa-wuta ce, Heliocheilus albipunctella, wadda wani masani Bafaranshe, Joannis, ya rubuta bayaninta tun 1925. Tana zuba ƙwai bisa zangarniya lokacin da take fitowa, tsutsar ta ci tana zagayawa, sa'an nan ta sauka cikin ƙasa ta kwanta har wata damana. Da yake an tantance ta, an san rayuwarta, sai aka gano maƙiyinta, wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda ke kashe tsutsar. Tun daga shekara ta 2006 masu bincike na cibiyar INRAN ta Maraɗi suka shiga kiwonsa suna raba shi ga ƙauyuka cikin ƴan buhunan algarara da ake ratayawa kusa da gonaki. Ba a iya yaƙar abokin gaba sai an san ko shi wane ne.

Aikin da Buchanan ya yi bai buƙaci komi ba sai ido da haƙuri da alƙalami. Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci a Bawdeta yana da ukun duka, yana kuma da abin da baƙo ba shi da shi, watau zama wuri ɗaya shekara da shekaru. Idan ya rubuta cikin ɗan littafinsa ranar da ya fara ganin faɗa-wuta bisa zangarniya, da gonar, da halin ruwan sama, ya kai wa ma'aikacin gona, to ya yi aikin masana. Ma'aikatan hukuma kuma su karɓi irin wannan rubutu da daraja, su adana shi a gida, da sunan wanda ya yi shi.