Judah Folkman, likitan da ya nemi kashe sankara da yunwa

An haifi Moses Judah Folkman ranar 24 ga Fabrairu, 1933, a birnin Cleveland na ƙasar Amurka. Mahaifinsa malamin addinin Yahudawa ne, kuma tun yana yaro yakan raka shi gaida marasa lafiya a asibiti. Ya kammala karatun likitanci a Jami'ar Harvard a 1957.

A 1960 ya shiga aikin sojan ruwa, aka tura shi ɗakin bincike a Bethesda. A nan ya dasa ƙwayoyin sankara cikin wani sashe da aka cire daga jikin dabba. Ƙarin ya tsiro, amma ya tsaya bai fi kan allura ba. Da aka mayar da shi jikin ɓera mai rai, sai sabbin jijiyoyin jini suka kewaye shi, ya bunƙasa.

Wannan ne ya kai shi ga ra'ayin da ya wallafa a 1971: ƙari ba ya wuce milimita ɗaya ko biyu sai ya jawo wa kansa jijiyoyin jini, don haka idan aka toshe masa hanyar abinci, girmansa zai tsaya. Takwarorinsa da dama sun yi watsi da batun, suna ganin likitan tiyata ne ya shiga gonar da ba tasa ba. Bai karaya ba. A 1979 ɗakin bincikensa da ke Boston ya yi nasarar rainon ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangon ƙananan jijiyoyin jini, abin da ya buɗe ƙofar nazarin su.

A 1989 Napoleone Ferrara ya gano sinadarin furotin na VEGF, wanda ƙari ke fitarwa don kiran jijiyoyi. A watan Fabrairun 2004 Amurka ta amince da Avastin, maganin da ke toshe wannan sinadari, ga masu sankarar babban hanji da ta bazu. Maganin yana ƙara watanni ne kawai, domin sankara kan nemi wata hanya. Shi ya sa masana ke ci gaba da tantance furotin na ƙwayoyin jijiyoyin ƙari, suna kwatanta su da na lafiyayyen hanji, don gano wata kafar da za a toshe.

Folkman ya rasu ranar 14 ga Janairu, 2008, a filin jirgin saman Denver, yana kan hanyar zuwa taron masana.