Imamu Gazali da tambayar mene ne ɗan Adam

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu.

Bayan haka, ƴan'uwa Musulmi, an haifi Abu Hamid Muhammadu Gazali a garin Ɗusa ta ƙasar Hurasana a shekarar 1058. Ya yi karatu a Naisaburi gun Imamul Haramaini Juwaini, kana a 1091 waziri Nizamul Mulki ya naɗa shi malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, inda almajirai kamar 300 suke ɗaukar darasi gabansa.

A can ya tsunduma cikin littattafan masu falsafa. Bai yi watsi da lissafi ko manɗiƙi ko likitanci ba, har ya zargi mai musun su da sunan kare addini. Amma ya tarar da masana ɗabi'a masu cewa hankalin mutum daga haɗuwar jiki yake fitowa, jiki ya lalace, rai ya bi shi, babu tashi, babu hisabi. Irin wannan magana muna jin ta yau a bakin wasu ƴan lakkwal, suna zaton sabuwa ce. A cikin Tahafutul Falasifa ya yi jayayya da Farabi da Ibnu Sina kan mas'aloli 20, ya kafirta a 3, ɗaya ita ce musun tashin jikkuna.

A 1095 harshensa ya ɗaure, abinci ya ƙi shiga, likitoci suka ce ciwon a zuciya yake. Da ya bincika niyyarsa sai ya ga neman suna ne yake karantar da shi. Ya bar kujera, ya nufi Dimashƙu da Ƙudus, ya yi hajji.

Cikin waɗannan shekaru ya rubuta Ihya'u Ulumiddini, littafi 40. A nan ya kwatanta mutum da fata guda wadda ta tattara alade, wato sha'awa, da kare, wato fushi, da shaiɗani mai zuga su, da mai hikima, wato hankali. Bai ce a kashe sha'awa da fushi ba, domin ba za a rayu ba sai da su. Horar da su ake yi kamar doki. Ya kuma ƙaryata masu cewa hali ba ya sakewa, domin da haka ne, wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza.

Ya koma karantarwa a Naisaburi a 1106, ya rasu a Ɗusa a 1111. Allah ya jiƙansa, amin.